Kofur Ta Ƙi Wuce Palladan

Samaru, Zariya.
Litinin, 8 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Japheth,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarmu Nnenna da yara. Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare ku daga sanyin ƙasar nan da kuke ciki, ya kuma daidaita maganar takardunka domin mu sake ganinka ido da ido, ba a gilashin waya ba. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Damina ta yi kyau, masarar bayan gida har ta fi katanga tsawo. Maigidana Felix yana fama da ciwon baya, za ka ji dalili nan gaba. Hutun makaranta ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban san na yi hutu ba, don yaran ajina ba su taɓa gajiyar da ni kamar yadda na gaji a makonni shidan nan ba. Jikin Baba da sauƙi. Hannun hagu da ƙafar hagu suna nan yadda ka sani, harshen ma da nauyi, amma kan nan nasa garau yake, har ya fi namu.

An ɗaura auren Marvellous da Tomiwa shekaranjiya Asabar. Na hana Felix tura maka ko hoto ɗaya sai ka karanta wannan tukuna, domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ina farawa sai ka ce ka gane, alhali ba ka gane komai ba, ni kuma raina ya ɓaci in ɗaga murya, mu rabu kowa yana huci. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba. Ka samu wuri ka zauna, labarin Kofur zan ba ka daga farko har ƙarshe, har da inda ba ya yi mini daɗin faɗa.

Tun da kai yanzu tsohon ƙarfe kake kiranta, bari in tuna maka ko wace ce. Ita ce motar sojan da Baba ya saya a gwanjo shekarar da ya ajiye kaki, ya sa mata suna Kofur saboda shi Saja Sebastian ne, dole ta bi umarninsa. Ita ta kai mu makaranta muna zaune a baya kan benci. Ita ta kai ni coci ranar aurena, ta kai ƙanwarmu Elizabeth ranar nata, ita ce kuma ta ɗauki akwatin Mama zuwa makabarta. Da Elizabeth take kwance a asibiti ciwon ajali, a gabana Baba ya yi mata alkawari cewa shi zai riƙe 'yarta Marvellous, kuma shi zai kai ta coci a cikin Kofur kamar yadda ya kai uwarta. Shi ya sa da aka sa rana ya ce in ba a motarsa ba, ba inda za shi. Kai ka ce taurin kan tsufa ne, a ɗauki hayar mota mai kyau. Abin da ba ka gani ba shi ne Istar bara, da muka kai shi sujada a ƙaramar mota. Sai da maza huɗu suka jawo shi daga ciki kamar buhun masara, a gaban zumuntar mata, hularsa ta faɗi a ƙasa. Tun ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Kujerar Kofur kuwa tana da tudu, zai iya zamewa a hankali ya tsaya da ƙafarsa mai lafiya ba tare da an ɗauke shi ba. Ita kuma Marvellous ta ce in ba Kaka ne zai riƙe hannunta ya miƙa ta ba, to ta shiga ita kaɗai kamar marar kowa. Ka ga ke nan ba maganar ƙarfe muke yi ba.

Ka san yadda nake riƙon Baba tun da ya faɗi shekara biyu da suka wuce. Likita ya ce a kiyaye shi daga sanyi da ɓacin rai, ni kuwa na ɗauki maganar da hannu biyu. Na buga leda mai kauri a tagar ɗakinsa saboda iskar damina, na rage masu zuwa gaisuwa, na hana tsofaffin abokansa na soja zama fiye da minti goma don suna sa shi dariya har ya sarƙe. Da aka fara aikin motar ma na kafa doka cewa kada wanda ya gaya masa matsalar da ake ciki, kada jininsa ya hau. Duk wanda ya shiga wurinsa sai ya ce aiki na tafiya daidai.

Dele na kira, bakaniken nan na Chikaji wanda ya koyi aiki a hannun Baba, yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. Bai ko yi gardama ba, ya bar garejinsa yana zuwa Samaru kusan kullum, don Baba bai taɓa yarda Kofur ta kwana a waje ba. Ranar da muka yaye tamfol ɗin da ke kanta na kusa kuka. Kaza ta yi ƙwai a kan kujerar direba, ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya yi gini a kowane rami da ya samu. Dele ya sauke tankin mai ya wanke shi da hannunsa, ya fitar da tsatsa cike da kwano. Aka sa sababbin batura guda biyu, don ita ba irin motocinmu ba ce, da biyu take aiki. Aka murɗa makulli, sai wani ƙas-ƙas kawai, ko tari ba ta yi ba. Aka kwance kik, wato abin da ke tayar da injin, aka gyara, aka mayar, ta ɗan yi gurnani ta yi shiru. Sai Dele ya tuna da ƙarfen nan da ake zura mata ta gaba a murɗa da hannu. Felix, wanda aikinsa na duniya riƙon alli ne, ya ce shi zai gwada. Murɗawa ta uku ƙarfen ya dawo masa da ƙarfi, ya zube a ƙasa yana kiran sunan Yesu. Kwana tara muka yi a haka, yau a ce wuta ba ta zuwa, gobe a ce mai ba ya hawa.

A rana ta goma, bayan maƙwabta sun tura ta har ƙarshen layi sau biyar, sai ta yi wata irin atishawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ta kama. Yaya, ban san sanda na fara guɗa ba. Daga cikin ɗaki muka ji Baba yana buga sandarsa a bango, alamar ya ji muryarta. A ranar aka cika tanki. To ka san tankin nata yana ƙarƙashin kujerar mai zaman banza ne, sai an ɗaga katifar kujerar a ga murfin, kuma agogon mai ya mutu tun muna yara, da sandar nan mai tsaga-tsaga da Baba ya sassaƙa ake auna shi. Ni na karɓi wannan aiki, tun da a kujerar nake zama kuma ba abin da na iya a inji. Da yamma na shiga kai wa Baba abinci na ji yana tari, na kuma ji kamar warin fetur, don motar a gindin tagarsa take kwana. Na fita na ɗaga kujera na shinshina, na ji ta murfin yake fitowa. Sai na samo leda na ninka ta huɗu, na shimfiɗa a bakin tankin, na murɗa murfin a kai tam, kamar yadda muke yi wa jarkar manja. Wari ya ɗauke. Na kwanta ina jin daɗin dabarata, ban ga dalilin gaya wa kowa ba.

Washegari muka fita gwaji, Felix a sitiyari, ni a gefensa, Dele a baya da akwatin kayan aikinsa. Daga Samaru tafiya ta yi kyau, mutane suna ɗaga mana hannu, wasu tsofaffi suna tambaya ko Saja ne ya warke. Muna shiga Palladan sai ta fara sarƙewa. Felix ya taka totur, ta zabura, ta ja baya, ta sake zabura, sannan ta mutu murus a tsakiyar titi. Aka yi ta murɗa makulli, inji na juyawa amma ba ya kamawa. Muka tura ta gefe. Dele ya buɗe bonet, ya ɗaga murya ya tambaye ni ko akwai mai. Na ɗaga kujera, na buɗe, na tsoma sanda, na ce masa a cike yake, na mayar da ledata na rufe. Shi kuma ya kwance fulogi ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a gwada. Bugu biyu ta tashi kamar ba ita ba. Dele ya share hannu ya ce dama ya sani, fulogi ne. Muka juya gida, muna kaiwa bakin layinmu ta sake mutuwa.

Daga nan muka shiga wahalar da ba zan manta da ita ba. Aka sa sababbin fulogi, ta mutu a Palladan. Dele ya ce kafireta ce, ya kwance ta a kan tabarmata, ya wanke ya busa kowane rami da bakinsa, ta mutu a Palladan. Ya ce kontak ne ya cinye, aka canza. Ya ce koyil ne ke ɗaukar zafi, muka riƙa tafiya da jiƙaƙƙen tsumma muna naɗa masa kamar mai zazzaɓi. Ya ce famfon mai ne ya gaji. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan sai na shiga kasuwar Sabon Gari wurin Nwankwo mai sayar da kayan tsofaffin motoci, shi kuma ya shige can ƙuryar shagonsa ya yi ta tono, ya fito da ƙura har gira, ya ce wannan shi ne na ƙarshe a duk Zariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a gida in aka tashe ta aka bar ta a tsaye, sai ta yi awa guda tana kaɗawa lafiya lau. A hau titi kuwa, Palladan ce iyakarta, ba ta taɓa ganin gadar Kwangila ba. Kuma kullum abu ɗaya ne: ta mutu, Dele ya tambayi mai, in auna, ya taɓa wani abu a inji, ta tashi, ya ce yanzu kam ya kama ɓarawon. Har na riƙa ƙara mai kafin mu fita don kada a ce shi ne, sai ta ƙara saurin mutuwa.

Mai gasa masarar da ke bakin titi a wurin ta san mu, tana hango mu take jawo mana benci. 'Yan acaba suka sa wa wurin suna tashar Kofur. Ranar wata Talata ruwa ya tsuge muna tura ta, takalmina ya tsinke, na faɗi a cikin taɓo da zanen zumunta a jikina, ɗalibaina biyu suna kallo daga cikin bas. A ranar na sauke wa Dele kwandon masifa. Na ce masa shekara talatin yana riƙe da sifana amma tsohon da ke kwance da rabin jiki ya fi shi, na ce ko dai canki-canki ya koya a wurin Baba. Mutumin nan ya tattara kayansa ya tafi, washegari kuma ƙarfe bakwai yana ƙofar gida. Na wuce Sabon Gari na gaya wa Nwankwo a gaban mutane cewa jabun kaya yake ba mu. Ya dafa ƙirji ya ce tun kafin in yi aure Baba yake sayayya a wurinsa, bai taɓa jin irin wannan magana daga gidanmu ba. Wata daga cikin zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce tun da wuri ɗaya take mutuwa, to hannu aka sa, a kira Fasto ya yi addu'a. Ban ɓoye maka ba, na kira shi. Ya zo ya yi addu'a mai kyau, ya kuma ce a ci gaba da neman bakanike.

Ana cikin haka ne ka kira ranar Lahadi ka ce wahalar ta isa, ka riga ka yi magana da wani abokinka zai turo 'yan gwangwan su ɗauke ta, Baba in ya ga babu ita zai haƙura ya shiga wata. Na ce kada ka kuskura, ka ce ka gane, ka kashe waya. Ranar Laraba, saura kwana uku biki, sai ga su da kura da tukunyar gas ta yankan ƙarfe, suna ƙwanƙwasa jikinta suna magana da ƙarfi a kan inda za su fara yanka. A gindin tagar Baba fa, Yaya. Na kore su da tsintsiya a hannu, amma ya riga ya ji komai. Ranar bai ci abinci ba, ya juya fuska bango. Na zauna a bakin gadonsa ina yi masa ƙaryar da na saba, cewa aiki na tafiya daidai, ko kallona bai yi ba. Na yi fushi da kai ranar irin wanda ban taɓa yi ba, kuma har yanzu da saura.

Alhamis da safe na shiga da koko na tarar da shi zaune a bakin gado. Ya sa rigarsa shi kaɗai, maɓallan a karkace, ya ɗora tsohuwar hularsa ta soja. Ya ce a kai shi wurin motarsa. Na fara lissafa masa sanyi da hawan jini da maganar likita, sai Marvellous, yarinyar da ba ta taɓa musa mini ba, ta ce Anti a yi haƙuri a bar Kaka, in ma ba zai je bikin ba ai gara ya ji ciwon motar da kunnensa. Ita da Dele suka riƙe shi har waje. Ya daɗe yana shafa bonet da hannunsa na dama. Da ya zo hawa, ya juya baya ya jingina da kujerar, ya dafa ƙofa, ya ɗaga kansa da ƙafa ɗaya, suka ɗan tallafa masa ya zauna daram. A wurina ya zauna, ni aka mayar da ni baya kan benci kamar shekara arba'in da suka wuce. Duk hanya ya rufe ido ya karkata kai yana sauraron injin.

A Palladan ta yi halinta. Dele ya diro zai buɗe bonet, Baba ya miƙa sandarsa ta taga ya tare shi. Da harshen nan nasa mai nauyi, kalma ɗaya-ɗaya, ya tambaya ko a tsaye tana mutuwa. Aka ce a'a. Ya tambaya ko ta fi saurin mutuwa in tanki ya cika. Na ce haka ne. Ya tambaya me ake yi kafin ta sake tashi, Dele ya fara jero masa fulogi da kafireta, Baba ya girgiza kai ya ce ba wannan ba, me ake fara yi. Dele ya ce ana duba mai. Sai ya ce a matsar da shi. Aka zamar da shi ya tsaya a ƙasa yana dafe da ƙofa, ya sa Felix ya ɗaga kujerar, ya ce kowa ya yi shiru. Da hannunsa ya murɗa murfin. Muka ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci, har gefen tankin ya yi ƙara yana komawa daidai. Na sha jin wannan ƙarar duk sanda na buɗe, na ɗauka haka tankin mota yake yi. Baba ya zaro ledar da yatsa biyu ya ɗaga ta sama. Sannan ya juya murfin ya nuna mana wani ɗan rami a tsakiyarsa, wanda bai fi bakin allura ba. Ya ce ta nan take numfashi. Ya ce gwangwanin madara ma huda biyu ake yi masa, in ɗaya ne ba ya zuba. Wato famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har ya kai inda ba zai iya ja ba. Ni kuma in buɗe don aunawa, iska ta shiga, Dele ya taɓa abin da ya taɓa, ta tashi, in sake toshe ta da hannuna.

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wanda ya tambayi wa ya sa ledar, kowa ya san mai riƙon sandar auna mai. Dele ya zauna a kan bencin mai masara ya ɗora hannu biyu a ka, ya daɗe a haka, sannan ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa sau goma sha ɗaya ya kwance kafiretar nan. Felix ya dafa bayansa ya dube ni kawai, kuma na san wannan kallo zai bi ni har tsufa. Na jira faɗan Baba, ka san bakinsa a kan wanda ya taɓa masa mota. Bai ce mini komai ba. Ya ninke ledar a kan cinyarsa da hannu ɗaya, ya sa a aljihun rigarsa, ya ce a tashe ta. Ta tashi, ta haye Kwangila, ta shiga Sabon Gari har ƙofar coci, ta dawo Samaru, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo, kwana biyu ina ɗauke da shi a ƙirji ina hidimar biki.

Ranar Asabar 'yan matan amarya suka ɗaura wa Kofur kyalle fari da furanni, ta fito kamar tsohuwar da aka yi wa kwalliyar dole. Marvellous ta zauna a tsakiya da farar rigarta, Baba a gefenta da kwat ɗinsa da lambobinsa a ƙirji. Da muka zo Palladan kowa ya yi tsit, ni har na riƙe numfashi, sai mai masara ta miƙe tana guɗa, 'yan acaba suka bi mu da hon. A ƙofar coci ba wanda ya ɗauke shi. Ya zame a hankali ya tsaya da ƙafarsa, ya gyara hula, sanda a hannun dama, Marvellous ta saƙala hannunta a na hagun da ba ya motsi. Tafiyar da ba ta fi taku talatin ba sai da mawaƙa suka maimaita waƙa sau uku kafin su kai gaba, ba kuma wanda ya ƙosa. Da Fasto ya tambayi wanda ke ba da wannan yarinya, coci duka ya ji amsarsa. Na tuna Elizabeth, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe.

Da yamma bayan mun dawo, rana ba ta faɗi ba tukuna, na shiga cire masa takalmi. Na durƙusa na ce ya yafe mini, don tarinsa na yi, ban san zan jawo wannan wahala ba. Ya ce ya sani. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ledar nan, ashe da ya canza riga ma ya tafi da ita har coci, ya danƙa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna tagar ɗakin, ya ce saura waccan. Ya ce shekara biyu ke nan yana jin muryar abokansa da ta ruwan sama, yanzu har da ta motarsa, duk ta bayan leda. Na ɗauko wuƙar kicin na ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.

Yau da safe na je Chikaji na ba Dele haƙuri, na wuce kasuwa na ba Nwankwo a gaban mutanen da na kunyata shi a gabansu. Kai ma na yi maka ihu a waya fiye da kima, ka yi haƙuri da wannan. Amma maganar 'yan gwangwan ban yafe ba tukuna, kuma ba ni za ka roƙa ba. Ka kira Baba ranar Lahadi bayan sujada, ka yi magana da shi kai tsaye, ba ta bakina ba, kuma in ya fara magana ka jira shi ya kai ƙarshe komai daɗewa. Ka gaya wa abokin naka kada in sake ganin kurarsu a layinmu.

Ka gaishe mini da Nnenna da kyau, ka ce mata atamfar da ta aiko ita iyayen amarya suka ɗaura. Ka shafa mini kan Wisdom da Oluoma, ka ce Anti tana jiran su iya gaisuwa da Hausa. Felix yana gaishe ka daga kan tabarma inda yake kwance da man zafi. Amarya da ango suna gaisuwa, Dele ma ya ce in gaishe ka. Baba yana zaune a bakin taga yanzu haka da abokansa biyu, sun fi awa ɗaya suna dariya, ni kuma ina nan tsakar gida ina danne kaina kada in je in kore su. Ya ce in rubuta maka cewa duk ranar da ka sauka a tasha kada ka nemi tasi, Kofur za ta zo ɗaukarka, kuma a baya za ka zauna.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka mai baki,
Rhoda.